Jagorar sarrafa ƙwallon kwando: darussan madugai daga Bob Cousy zuwa Kyrie Irving

A cikin 'yan wasa biyar da ƙungiyar ƙwallon kwando ke sakawa a fili, akwai ɗaya da ake miƙa wa ƙwallo da zarar an fito da ita daga ƙarƙashin kwando. Shi zai haura da ita zuwa ɓangaren abokan hamayya, shi zai ɗaga yatsu ya nuna tsarin da za a bi, kuma shi za a tuhuma idan ta salwanta a hanya. A lissafin masu horarwa shi ne mai lamba ɗaya, amma a wannan jagora zan kira shi madugu, domin aikinsa irin na madugun ayari ne: ya san hanya, ya san lokacin tafiya da na yada zango, ya kai kaya inda aka nufa. Doka ta ba shi daƙiƙa 8 ya tsallake layin tsakiya, ta ba ƙungiyarsa daƙiƙa 24 ta yi jifa, saboda haka duk abin da hannunsa bai haddace ba tun a wurin atisaye, ba zai sami sararin tunaninsa a tsakiyar wasa ba.

Abin da na sha gani a filayen siminti na makarantu da unguwanni shi ne yaro yakan fara koyo daga ƙarshe. Zai kalli gajeren bidiyo a waya inda Kyrie Irving, gwanin sarrafa ƙwallo na gasar Amurka, ya yanke mutum uku, wato ya ruɗe su ya wuce, washegari ya zo yana ratsa ƙwallo tsakanin ƙafafunsa sau goma a wuri ɗaya, alhali idan aka matsa masa ta hagu ba zai yi taku biyar ba sai ya sunkuyar da kai. Tarihin gasar NBA ta Amurka ya riga ya jera waɗannan darussa bi da bi, domin kowane zamani ya fitar da gwaninsa gwargwadon dokoki da irin tsaron da ake yi a lokacin, na baya kuma a kan aikin na gaba ya ɗora. Wannan jeri zan bi, kuma ina roƙon mai koyo kada ya tsallake mataki don ya ga ba shi da armashi, tunda da rarrafe yaro kan tashi.

Mataki na farko: ƙwallo, tsayuwa da hannu

Ka fara da ƙwallon da ta dace da kai. Lamba 7 ta manyan maza ce, lamba 6 ta mata, lamba 5 ta yara. Idan a siminti kake atisaye ka nemi ta roba, domin ta fata an yi ta ne don daɓen katako, siminti kuwa zai cinye ta cikin ɗan lokaci. Ka gwada iskarta ta hanyar ɗaga ta daidai kanka ka saki. Idan ta dawo wajen ƙugunka to ta yi daidai. A lokacin hunturu ƙura kan sa ta santsi, sai ka riƙa ajiye tsumma mai danshi a gefen fili.

Ka buɗe ƙafafunka fiye da faɗin kafaɗunka kaɗan, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka sauke ƙugu kamar mai shirin zama a kujera, bayanka a miƙe, haɓarka a sama. Ƙwallon ta riƙa sauka a yatsu da ɗan tudun da ke gindinsu, ka bar tsakiyar tafin hannu ya huta. Tura ta ake yi da wuyan hannu da gwiwar hannu, ba marin ta ake yi ba, kuma da ƙarfi, domin gwargwadon ƙarfin bugunka gwargwadon saurin dawowarta, kuma a lokacin da take tsakanin hannunka da ƙasa ne kaɗai ba ka da iko da ita. Ka yi daƙiƙa 30 kana buga ta daidai ƙugu, 30 daidai gwiwa, 30 daidai idon sahu, sannan ka sauya hannu ka maimaita sau uku.

Tun a nan ya kamata ka san dokoki biyu. Idan ka kama ƙwallo da hannu biyu bayan ka fara bugu, ba ka da damar sake bugawa. Idan kuma hannunka ya shiga ƙarƙashinta har ta tsaya a tafinka sannan ka ci gaba, ka ɗauke ta ke nan, alƙalin wasa zai hura usur. Wanda ya kalli tsofaffin hotunan wasannin shekarun 1950 da 1960 zai iya zaton 'yan wasan lokacin hannunsu a sandare yake, amma dalilin shi ne alƙalai a wancan zamani ba sa yarda hannu ya sauka daga saman ƙwallo, abin da aka sassauta sosai daga baya a NBA. Gasannin Najeriya da Nijar da dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, suke aiki, kuma wanda ya saba da hannu a sama ba zai sha wahala da kowane alƙali ba.

Mataki na biyu: hannun da ba ka saba da shi ba

Bob Cousy, wanda ya buga wa Boston Celtics daga 1950 zuwa 1963, ya ci kofi shida, ya kuma fi kowa yawan fasin da ya haifar da ci a kakar wasa takwas a jere, ya sami hannunsa na hagu ne ta hanyar tsautsayi. Yana yaro ya faɗo daga bishiya ya karya hannun dama, sai ya ci gaba da wasa da hagu har karayar ta warke, ya tashi da hannu biyu masu aiki. Bugun bayan baya da ya yi suna da shi, wanda mutanen lokacin suka ɗauka burga ce, ba zai yiwu ba sai ga wanda ya amince da hannun da zai karɓi ƙwallon a ɗaya gefen.

Wannan shi ne matakin da na fi matsa wa kowa a kai, domin mai tsaro mai wayo ba ya buƙatar minti biyar kafin ya gane hannun da ka dogara da shi, kuma daga nan zai toshe wannan gefen ya bar maka ɗayan a buɗe yana jiran ka yi kuskure. Ka ware wa hannu mai rauni kashi biyu cikin uku na lokacin atisayenka na wata guda. Ka tafi da ƙwallon da shi daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, wato mita 28 a cikakken fili, da tafiya sau biyu, da sassarfa sau biyu, da gudu sau biyu, ɗaya hannun yana bayanka. Ƙwallon za ta ƙwace maka sau da yawa a makon farko, kuma hakan alama ce ta cewa kana buga ta da ƙarfin da ya kamata. Wanda ba ta taɓa ƙwace masa a atisaye ba lallashinta yake yi. A wajen fili ma ka riƙa sa wannan hannu aiki, kamar buɗe ƙofa da ɗaukar bokiti, ban da cin abinci da miƙa wa mutane abu idan hagu ne.

Mataki na uku: 'yanta idanu

Amfanin gwanintar hannu shi ne ido ya sami damar kallon fili. Pete Maravich, wanda a jami'ar jihar Louisiana ya riƙa cin maki 44.2 a kowane wasa tun ba a shata layin maki uku ba (layin da jifa daga bayansa ke ba da maki uku), ya taso yana buga ƙwallo da ido a ɗaure, yana kuma buga ta ta tagar mota mahaifinsa na tuƙi. Ba na ba kowa shawarar ya kwaikwayi na motar, amma manufar a fili take: hannu ya san inda ƙwallo take ba tare da ya tambayi ido ba. Stephen Curry na Golden State Warriors yana buɗe ɗumama jikinsa kafin wasa da buga ƙwallo biyu a lokaci guda, har 'yan kallo kan zo da wuri don su gani.

Ka fara da mai sauƙi. Abokinka ya tsaya nesa da kai kamar taku goma yana ɗaga yatsu, kai kuma kana bugu kana faɗin adadin da ya nuna da babbar murya. Idan ka saba, ka ɗauki ƙwallon tanis a hannu ɗaya kana cilla ta sama kana cafewa, ɗaya hannun yana buga babbar ƙwallo. Bayan haka sai ƙwallo biyu: da farko su sauka tare, sannan ɗaya na sauka ɗaya na tashi, sannan ɗaya a gwiwa ɗaya a ƙugu, a tsaye tukuna, daga baya da tafiya. Kyrie Irving ya bayyana cewa yana yaro yakan naɗe ƙwallonsa a leda don ta yi santsi kuma tashinta ya ragu, kuma wannan dabara ce da ba ta cin ko sisi.

Mataki na huɗu: kare ƙwallo da jiki

Kafin 1994, lokacin da NBA ta taƙaita ɗora hannu a jikin mai ƙwallo, da 2004 da ta tsananta hanin, mai tsaro yana iya dafa ƙugun madugu ya juya shi inda yake so. Gwanayen wancan zamani dole suka koyi sa jikinsu tsakanin ƙwallo da mai tsaro. Oscar Robertson na Cincinnati Royals, mai tsawon mita 1.96, wanda a kakar 1961 zuwa 1962 ya tashi da matsakaicin maki 30.8 da fasin da ya haifar da ci 11.4 a kowane wasa, yakan juya wa mai tsaro kafaɗa ya riƙa tura shi sannu a hankali har ya isa wurin da yake so ya yi jifa. Magic Johnson, mai mita 2.06, wanda ya ci kofi biyar da Los Angeles Lakers a shekarun 1980, bugunsa a sama yake saboda tsayinsa, don haka idan an matsa masa sai ya ba da baya, yana leƙen fili ta saman kafaɗarsa.

Gajeru kuwa hanyarsu ta ƙasa ce. Marques Haynes na Harlem Globetrotters, ƙungiyar wasan nishaɗi ta Amurka, ya nuna tun a shekarun 1940 da 1950 cewa ana iya buga ƙwallo dab da daɓe, a durƙushe ko a kwance, mutum biyu ko uku na binta ba su samu ba. Isiah Thomas, wanda ya kai Detroit Pistons ga kofi a 1989 da 1990, ya ɗauki wannan salo ya shiga da shi tsakiyar ƙattai, haka ma Muggsy Bogues, mai mita 1.60, mafi gajarta a tarihin gasar, wanda ya shafe kaka 14 dogaye na sunkuyawa suna neman ƙwallon da ba ta wuce gwiwarsu ba. Ka dubi jikinka da gaskiya ka zaɓi wanda ya fi kusa da kai.

Ga yadda ake yi. Ka juya gefe, ƙafar da ke kusa da mai tsaro tana gaba, ƙwallon tana sauka kusa da ƙafar baya. Hannun da ba ya bugu ka lanƙwasa shi a gabanka kamar garkuwa, amma kada ka miƙe shi ka ture mutum, domin wannan laifi ne. Sannan ka koyi ja da baya: idan mutum biyu suka tare ka kusa da layin gefe, kada ka kama ƙwallon, ka yi bugu biyu da baya kana jan ƙafa, sai fili ya buɗe ka ga wanda aka bari babu tsaro. Kama ƙwallo a kusurwar da layin tsakiya ya haɗu da layin gefe shi ne kuskuren da ya fi kashe sababbin madugai, domin layukan biyu sun zama ƙarin masu tsaro, kuma a dokar FIBA daƙiƙa 5 kawai gare ka idan an matse ka kana riƙe da ita.

Mataki na biyar: sauya gudu

Kafin kowane irin yanka, ka koyi rage gudu da ƙara shi. Ka taho da matsakaicin sauri, ka ɗan miƙe jiki ka ɗaga ido zuwa kwando kamar za ka tsaya, da zarar mai tsaro ya saki gwiwoyinsa sai ka sauke kafaɗa ka wuce da dogon taku, ka tura ƙwallon gaba. Chris Paul, wani madugun NBA, ya shekara kusan ashirin yana wuce waɗanda suka fi shi gudu da wannan dabara. Ka jera robobin ruwa uku a layi, ka yi wannan a gaban kowace, da dama da hagu.

Mataki na shida: yanka

Yanzu ne muka iso inda yara ke so su fara. Asalin yanka shi ne tsallakar da ƙwallo daga hannu zuwa hannu ta gabanka, kuma sharuɗɗansa uku ne: ƙwallon ta wuce ƙasa da gwiwa, ta wuce da sauri, kuma jikinka ya riga ya sayar wa mai tsaro da ƙaryar cewa ɗaya gefen za ka bi. Sharaɗi na uku shi ne ruhin abin. Ka taka ƙafar dama da ƙarfi zuwa dama, kafaɗa da kai su bi ta, ka jira nauyin mai tsaro ya koma kan ƙafarsa ta wannan gefen, sannan ka mayar da ƙwallon hagu ka wuce kana gogar kafaɗarsa. Idan ka yi zagaye mai faɗi ka ba shi lokacin dawowa.

Tim Hardaway, wanda ya fito daga jami'ar Texas da ke El Paso ya shiga Golden State a 1989, ya ninka wannan sau biyu: ya ratsa ƙwallon tsakanin ƙafafunsa zuwa gefe ɗaya, kafin mai tsaro ya gama karkata ya dawo da ita ta gaba zuwa ɗaya gefen, duka a ƙasa kuma a matse. Allen Iverson na Philadelphia 76ers nasa mai faɗi ne, yakan miƙa ƙwallon can gefe ya bar ta ta ɗan rataya, kuma alƙalai sun sha hura masa usur a kan haka. A watan Maris na 1997, a kakarsa ta farko, Michael Jordan ya fito ya tare shi, sai Iverson ya fara yin ɗan ƙaramin yanka don ya ga ko Jordan zai motsa, da ya ga ya motsa sai ya yi babban, ya tashi ya jefa ta shiga. Darasin da na fi so a ɗauka daga wannan shi ne na gwajin farko: ya yi tambaya, ya ga amsa, sannan ya yanke shawara. Ga mai koyo na fi son salon Hardaway, domin ba ya jawo usur kuma ba ya barin ƙwallo a fili inda dogon hannu zai taɓa ta.

Sauran nau'o'in kowanne da wurinsa. Ratsawa tsakanin ƙafafu ta dace idan mai tsaro ya matso har babu sarari a gabanka, domin cinyarka ce ke kare ƙwallon. Bugun bayan baya irin na Cousy ya dace idan kana cikin gudu mutum ya faɗo maka ta gefen ƙwallon. Ka zagayo da hannu har ya taɓa ɗaya ƙugun, ƙwallon ta sauka gaba da kai, ba a diddigenka ba. Juyi irin na Earl Monroe, wanda ya ci kofi da New York Knicks a 1973, ana yin sa ne ta kafa ƙafa ɗaya a tsakanin ƙafafun mai tsaro a juya masa baya a ja ƙwallon da hannu ɗaya, amma ka sani cewa a tsakiyar juyin ba ka ganin fili, don haka kada ka yi shi inda mai tsaro na biyu ke kusa. Akwai kuma wanda ake kira da sunan wani ɗan wasan Amurka, God Shammgod, inda ake tura ƙwallon gaba da hannu ɗaya kamar ta kuɓuce, a fizgo ta da ɗaya hannun. Wannan ka bar shi sai ƙarshe. Ka zaɓi yanka ɗaya da kishiyarsa ɗaya, wato abin da za ka yi idan mai tsaro ya gane na farkon, ka yi kowanne sau 50 a rana a gaban kujera kafin ka ƙara na uku.

Mataki na bakwai: aiki da shinge

Mafi yawan hare-haren wasan zamani suna farawa ne da dogon ɗan wasa ya zo ya tsaya cik a gefen mai tsaronka ya zama shinge. John Stockton ya shekara 19 a Utah Jazz, 18 daga ciki tare da Karl Malone, ya tara fasin 15,806 da suka haifar da ci, adadin da har yau ba a kamo ba, kuma da wuya ka ga ya yi wani bugu na ƙawa. Ka jira shingen ya kafu tukuna, domin idan ka yi gaggawa abokinka yana motsi aka yi karo, shi za a hura wa laifi. Ka ɗan ja mai tsaronka zuwa ɗaya gefen, sannan ka dawo ka wuce kafaɗa da kafaɗa da mai shingen, kada ka bar ratar da mutum zai kutsa. Daga nan idonka ya koma kan dogon mai tsaron da ke jiranka: idan ya ja baya jifa ta samu, idan ya fito maka fasin ya tafi ga abokinka da ke gangarawa kwando.

Steve Nash, gwarzon kaka a 2005 da 2006 tare da Phoenix Suns, ya ci moriyar hana ɗora hannu fiye da kowa, kuma ya ƙara darasi ɗaya mai daraja: idan ya kutsa bai ga hanya ba, ba ya tsayawa, sai ya bi ta ƙarƙashin kwando ya fito ta ɗaya gefen ƙwallon na ci gaba da bugawa, masu tsaro suna waige-waige har wani ya manta da mutuminsa.

Mataki na takwas: daga bugu zuwa jifa ko fasin

An shata layin maki uku a NBA a 1979, amma sai a hannun Curry, wanda ya zura ƙwallon maki uku sau 402 a kakar 2015 zuwa 2016, ya zama dole a tare madugu tun daga nesa, kuma da mai tsaro ya fito nesa sai yanka ya yi sauƙi. Abin koyo a nan shi ne ɗaukar ƙwallo daga bugu na ƙarshe. Ka buga na ƙarshen da ƙarfi fiye da sauran don ta taso da kanta zuwa hannunka, ƙafafunka su riga su daidaita da kwando kafin ta iso, hannun da ba ya bugu ya je ya tarye ta a ƙasa. Ka yi bugu ɗaya zuwa dama ka jefa sau 20, zuwa hagu sau 20, daga inda ƙarfinka ya kai ba tare da ka ɓata tsarin jifarka ba. Haka za ka yi da fasin: ka zana da'ira da alli a bango, ka riƙa aika ƙwallon cikinta kai tsaye daga bugu da hannu ɗaya, dama da hagu.

Tsarin mako da awo

Minti 25 zuwa 30 a rana, kwana biyar a mako, sun wadatar idan da ƙarfi ake yi: minti biyar na bugu a tsaye, biyar na hannu mai rauni, biyar na ƙwallo biyu ko ta tanis, goma na matakin da kake kai, sauran kuma ɗaya da ɗaya da abokin da aka ba izinin matsa maka sosai, inda ba a yarda ka wuce bugu uku kafin ka jefa ba. A ranar wasa ka sa wani ya zauna a gefe da takarda ya rubuta abu biyu, fasin da ya haifar da ci da kuma ƙwallon da ka zubar, tare da wurin da ka zubar da ita da hannun da take ciki. Ka nemi fasin biyu a kan kowace asara ɗaya da farko, sannan uku. Idan takardar ta nuna asarar ta taru a hagu, ka koma mataki na biyu na tsawon mako biyu. Idan ta taru kusa da layin tsakiya, mataki na huɗu ne ke kiranka.